Hajiyar Maradi Ta Jibiya

Ranar wata Laraba cikin watan Disamba na 2023, bayan sallar Azahar, muka kai kakata makwancinta a Jibiya. Allah Ya jiƙanta, Ya kyautata namu zuwan. Jama'a ta taru ƙwarai da gaske, har baƙin fuska sun fi waɗanda muka sani yawa. Amma wadda ta fi kowa cancantar zama bisa tabarmar makoki a cikin gida ba ta zo ba, watau ƙanwarta, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ke zaune a Maradi tun kafin a haife mu. Ba ciwo ya hana ta ba, ba kuwa rashin kuɗin mota ba. Daga ƙofar gidanta zuwa ƙofar gidanmu bai wuce kamar mil 30 ba, tafiyar da mota ke yi kafin a sauke tuwo. Iyaka ce ke rufe tun farkon watan Agusta, bayan da soja suka karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar ECOWAS kuma ta sa wa Nijar takunkumi. Samari suna iya bin daji bisa babur, suna kuwa bi. Amma tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya ba ta iya wannan.

Watakila mai karatu ya ce, to, mene ne na cika shafin jarida don tsohuwa ta rasu? Gaskiya ne, ba 'yar sarki ba ce, ba ta kuwa taɓa riƙe alli ko alƙalami ba. Sunanta ma ba zan rubuta ba, don ba a yi mini tarbiyyar kiransa ba. A Jibiya Hajiyar Maradi a ke ce da ita, a Maradi kuwa Hajiyar Jibiya, kowane gari yana jingina ta ga ɗan'uwansa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina koya wa yara labarin ƙasa, ina ja musu layi a allo, ina cewa nan Nijeriya ta ƙare, nan Nijar ta fara. Alhali kuwa a gidanmu akwai wadda ta yi shekara fiye da tamanin tana ƙetare layin nan, ta kuma rantse ba ta taɓa ganinsa ba.

Ita da iyakar

Mutanen gida suna cewa ta haura ɗari. Haka a kan ce da kowace tsohuwa in haƙora suka zube. Ni dai lissafi na bi. Ta ce mahaifiyarta ta gaya mata an yaye ta a shekarar da fara ta rufe rana, ta cinye gero tun yana tsaye. Farar nan ta yi ɓarna a ƙasashen nan cikin 1930 da 1931. In haka ne, haihuwarta ba za ta yi nisa da 1929 ba, shekarar da jirgin ƙasa ya isa Ƙauran Namoda. Ke nan ta rasu tana da kamar shekara 94 a lissafin Bature, 97 a lissafin wata. In na tashi irin wannan ƙirga a gabanta sai ta ce, "Angona, kai da ka ke ƙidaya mini shekaru, gado ka ke jira?" Angona ta ke ce mini, irin wasan kaka da jika, ni kuwa in ce mata tsohuwar amarya.

An haife ta a wani ƙauye kusa da tafkin Madarunfa, a ɓangaren da a lokacin a ke kira ƙasar Faransa. Ita iyakar ba ta girme ta da wani abin kirki ba. Ingilishi da Faransai sun yi ta ja-in-ja bisa takarda a can Turai. Suka yi yarjejeniya a 1898, suka gyara a 1904, suka sake gyarawa a 1906, domin Faransai suna neman hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram. Sa'an nan tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamu, guda 148, tun daga Kwara har Tafkin Chadi. Layin ya ratsa tsakanin Jibiya da Ɗan Isa. Gulbin da ya wuce ta Jibiya dai bai san an yi ba. Ya ci gaba da gangarawa Maradi, ya yi kwana, ya komo ƙasar Sakkwato ya faɗa Rima kamar yadda ya saba.

Ba na cewa kafin Turawa babu rabuwa. Akwai, har da jini. Bayan da jama'ar Shehu suka ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafu a Maradi wajen 1819, har yau kuwa mai sarautar can Sarkin Katsina a ke ce da shi. An daɗe ana kai wa juna hari, musamman zamanin Ɗan Baskore. Amma faɗan 'yan gida ɗaya ne, da ƙura ta lafa aure da ciniki suka koma yadda su ke.

Tafiyarta ta fari gudu ce. Tana 'yar shekara bakwai ko takwas, haraji da aikin tilas suka matsa wa talakawa a ƙasar Faransa. A kan kwashi magidanta a kai su gyaran hanya ba lada, gona ta lalace a baya; ba a soke wannan aiki ba sai 1946. Mahaifinta ya ga ba zai iya ba. Ran nan da dare ya ɗora tukwane da tabarmi bisa jaki, ya aza ta a kai, suka kwana tafiya, gari ya waye musu a Jibiya, ƙasar Sarkin Katsina Dikko. Ta ce abin da ta tuna duka shi ne sanyin asuba, da yadda jakin ya so yin kuka ubanta ya toshe masa baki da rawani. A nan Jibiya aka haifi ƙanwarta, autarsu. Dubi ikon Allah: wadda aka haifa can ta tsufa nan, wadda aka haifa nan aure ya kai ta can.

Gabas ta ƙasa

An yi mata aure a shekarar da ruwa ya ci Maradi, watau 1945, sa'ad da ambaliya ta rushe tsohon gari a cikin fadama aka mai da shi bisa tudu. Mijinta, kakana ke nan, malamin allo ne mai ɗan ɗinkin hula. Shekara ta zagayo ta haifi ubana. Cikin 1953 kakana ya ɗaura niyyar hajji ta ƙasa, ya ce ita ta zauna da yaro. Ta ce atafau, ƙafarsa ƙafarta. Aka yi ta fama, dangi suka sa baki, daga bisani aka bar yaron wurin baffansa, domin an riga an rubuta shi a elementare, yaron da aka rubuta kuwa ba a cire shi da sauƙi a zamanin. Mai karatu ya riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Suka shiga motar gyaɗa zuwa Kano, daga Kano sai Yarwa, suka ƙetare zuwa Fort Lami, wadda tun 1973 a ke kira Injamena. Daga nan Abeshe, sai Adare, sai Jinaina ƙofar Sudan, sai Fashir, sai Ubayyid inda a ke samun jirgin ƙasa. Garuruwan nan da ka karanta cikin numfashi guda, su wata bakwai suka yi a kansu. Guzuri ya kan ƙare, a tsaya; shi ya yi ɗinki da rubutun sha, ita ta soya ƙosai a bakin tasha, in an tara na mota a ƙara gaba. Ta ce ba garin da suka sauka ba su tarad da zangon Hausawa ba, da mai unguwarsu da limaminsu. Tambaya ta fari a ko'ina ita ce, "Mutanen ina?" In ka ce Katsina, kafin ka sauke kaya an nemo maka Bakatsine.

A Jazira, ƙasar auduga da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, suka fi daɗewa. A nan alhazan ƙasarmu da yawa su kan tsaya tsinkar auduga don su tara kuɗin jirgin ruwa, shekara ta bi shekara, har wasu su yi gida su haifi 'ya'ya, gabas ba a kai ba, yamma ba a komo ba. Ta ziyarci Mai Wurno, garin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, a ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno. Ta ce ta ji tsofaffi can suna Hausar Sakkwato tsantsa, suna tambayarta ko rijiya kaza tana nan, ko kuka kaza ta faɗi, mutanen da rabonsu da gida shekara hamsin. Abin nan ya tsaya mata a rai. Ta ce a ranar ta yi wa kanta alkawari, ita kam duk inda ta je za ta komo, duk wanda ta bari a baya kuma za ta koma ta gan shi da idonta.

Suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda, suka sauke farali a 1955. A kan hanyar komowa zazzaɓi ya kama kakana, ya rasu a wani ƙauye tsakanin Ubayyid da Fashir, aka rufe shi can. Ta yi takaba a gidan wata Bakanuwa, sa'an nan ta biyo ayarin alhazai, ta iso Jibiya cikin 1956, shekarar da Sarauniya ta zo Kaduna, da allon mijinta da butarsa da 'yar gorar zamzam. Ban taɓa jin ta yi maganar rasuwar nan fiye da kalma biyar ba. Labarin raƙumin da ya ciji wani ɗan kamasho a Fashir kuwa, na ji shi ya fi sau ɗari.

Yaron da ta bari yana ɗan shekara bakwai ta tarad da shi ɗan goma, ya iya karatun boko, bai kuwa gane ta ba. Ga shi ɗan fari, kunya ta hana ta kiran sunansa, balle ta jawo shi jiki. Ubana ya gaya mini da bakinsa, ya daɗe yana ganin tafiya ce ta cinye masa uba, ta kuma ƙwace masa uwa. Ba zan ce bai yi gaskiya ba. Mu jikoki mun ci daɗin yawonta, dabino da cuku da labari. Shi kuwa shi ya biya kuɗin.

Lahadi Jibiya, Litinin Maradi

Ta sake aure, ta auri wani falke mai safarar goro, bisa sharaɗin ba zai sa ta kulle ba. Aka yi ta tsegumi a gari, wai Hajiya guda ba ta da aiki sai hawan mota. Ko a jikinta. Kasuwar Jibiya ran Lahadi ta ke ci, ta Maradi Litinin da Juma'a. Sai ta sari goro da atamfa da kananzir ran Lahadi, ta kwana Ɗan Isa, Litinin da hantsi tana Maradi. Ta sayar, ta saro kanwa da dabino da gishirin Bilma da tabarmi, ta kwana biyu a ɗakin Auta, wadda aka kai can aure tun 1952, sa'an nan ta juyo. Lissafin kuɗi biyu ta ke yi a ka, sule da kwabo a wannan hannu, dala da tamma a wancan, ba wanda ya taɓa cin ta ko anini. Da 1960 ta zo, Nijar ta sami mulkin kai ranar 3 ga Agusta, Nijeriya ranar 1 ga Oktoba, ta ce ita dai ta ci shinkafar biki sau biyu.

Abin da ya fi ba ta dariya shi ne, a ƙasar Ingilishi mota hagu ta ke bi, a ta Faransa dama, saboda haka in an zo iyaka sai direba ya karkata ya sauya hannu. Ta ce da wannan kaɗai ta ke sanin an shiga wata ƙasa. Da Nijeriya ta koma hannun dama cikin Afrilu 1972, sai ta ce, "To, shi ke nan, sun ɓatar mini da iyakar."

Goro ya kai ta Shagamu, ya kai ta har Kumasi. Suna can a Zango ita da mijinta cikin Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fita daga Gana. Suka fito cikin dubban mutane, a bayan babbar mota, da abin da hannu ya iya ɗauka. Wannan ce kaɗai tafiyar da ba ta so a tuna mata. Mijin bai daɗe ba bayan nan, ba ta kuwa ƙara aure ba. Damagaram da Tawa da Agadas duk daga baya ta je su, ita kaɗai da sandarta.

A wannan lokaci ubana ya riga ya zama akawu a En'e ta Katsina, zamanin Sarki Usman Nagogo, mutum mai farar riga da alƙalami a aljihu. Ran nan yana tsaye da manyansa a bakin hanya, sai ga babbar mota ta wuce, mahaifiyarsa bisa buhuna tana riƙe da lema. Wani ya ce, "Malam, ba Hajiyarku ce can ba?" Ya ce da ƙasa ta tsage da ya shige. Ya tara albashi ya gina mata ɗaki a gidansa, da rufin kwano da gadon ƙarfe, ya je Jibiya da kansa ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ki huta haka nan. Abin da ki ke samu a hanya ni zan riƙa ba ki." Ba ta dube shi ba, ta fuskanci bango ta ce, "A gaya wa akawu na ji." Ta zo Katsina ta kwana arba'in. Ran na arba'in da ɗaya da asuba aka tarad da ɗaki a share, gado a gyare, ita kuwa tana tasha. Saƙon da ta bari wurin uwata shi ne, Auta ta shiga watan haihuwa, wa zai yi mata wankan jego?

Akawuna da malamai 'yan'uwana, kada ku yi saurin yi wa ubana dariya, don da ni da ku duk irin lissafinsa mu ke yi. Shi a ganinsa riba ke fitar da ita, in an biya ribar sai ta zauna. Ribar kuwa, da na girma na bi ta da alƙalami, da ƙyar ta ke fid da kuɗin mota. Goro da kanwa hujja ce kawai. Kayanta na ainihi ba a ɗora su bisa sikeli: ita ke kai labarin haihuwa, ita ke kai gaisuwar mutuwa, ita ke ɗauke da sadaki a ƙugu daga wannan gida zuwa wancan, ita ke binciken asalin yaro in an zo neman aure daga ƙetare. In mata ta yi yaji daga Maradi, ɗakinta ta ke sauka, ita ke mai da ita. Ta kan ce zumunta a ƙafa ta ke, ba kuwa da ka ta ke faɗa ba, aikinta ke nan.

Cikin 1981 ubana ya biya musu kujerar hajji ta jirgin sama daga Kano. Hanyar da ta ci mata shekara biyu, suka yi ta tsakanin hantsi da la'asar. Da suka sauka Jidda ta ce, "Wannan ba tafiya ba ce, jifa ce." Amma ya gaya mini, sa'ad da aka ce jirgi yana bisa Sudan, ta matsa jikin taga ta yi shiru, ta daɗe tana duban ƙasa. Can sai ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Babanka yana nan ƙasa." Ran nan ce ta fari da ta yi masa maganar ubansa. Ya ce tun daga ranar bai ƙara ce mata ta zauna ba.

Daren da na raka ta

Cikin Afrilu 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ta sauya launin takardun naira, ba a buɗe ba sai Maris 1986. Daminar 1984 kuwa ba ta yi ba a Nijar. Yunwar da ta biyo baya, mutanen can El-Buhari suka sa mata suna. Gwamnati tana da dalilanta, na fasa-ƙwauri da fitar da kuɗi, ba ni kuwa cewa ba dalilai ba ne. Sai dai doka ba ta rarrabe mai tirela da mai ƙwarya.

Da bazarar 1985 na zo hutu Jibiya, ina ɗan shekara 13. Labari ya iso gidan Auta sun koma tafasa da dusa. Bayan sallar Isha kakata ta auna gero tiya shida, ta ɗauki huɗu, ta naɗa mini gammo ta aza mini biyu, ta ce, "Angona, tashi ka raka amaryarka." Muka sauka cikin gulbi, ba ruwa sai rairayi, ƙafa tana nitsewa. Ba wata, ba fitila. Ita kuwa tana gaba kamar da rana, tana gaya mini a hankali, wannan kukar gonar wane ce, waccan rijiyar ruwanta zartsi ne, a nan jakin ubanta ya so ya tona musu asiri.

Wajen tsakar dare sai haske ya faɗo mana a fuska. Wani mai kaki ne da bindiga. Gwiwata ta yi sanyi.

Ya ce, "Iya, ina za ki da wannan dare?"

Ta ce, "Gidan ƙanwata, ɗana."

Ya ce, "Ba ki san an rufe iyaka ba?"

Ta ce, "Na ji an rufe. Nuna mini ƙofar in tsaya a bakinta."

Ya haska kayanmu, ya tura hannu cikin geron har ƙasa, ya dube ta, ya dube ni. Sa'an nan ya kashe fitilarsa ya ce, "Ku bi ta hagun kukar can, Iya. Allah Ya kiyaye hanya." Ban san sunansa ba, ban ma san ko na wane ɓangare ba ne, don Hausarsa irin tamu ce. In yana raye Allah Ya saka masa.

Asuba ta yi mana a bayan Ɗan Isa, muka sami mota zuwa Maradi. Auta ta fito, ta rame har na kasa gane ta. Ba su rungumi juna ba. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, ke ce cikin wannan hali?" Kakata ta ce, "Ina kwana, ina gajiya, ina yara?" kamar wadda ta zo daga maƙwabta. Suka yi ta jera gaisuwa, Auta tana amsawa ta juya baya tana share ido da gefen zane. Kakata ta yi ta wannan zirga-zirga har sabon gero ya shigo, ni dai sau ɗaya aka yarda na bi ta, don da ubana ya ji, hutuna ya ƙare a ranar.

Ƙarshen hanya

Ƙafa ta fara gazawa bayan ta wuce tamanin. Ubana ya riga ta, cikin 2011. Da aka gaya mata, a ranar muka fara jin sunansa a bakinta.

Shekarunta na ƙarshe ba su yi wa matafiyi daɗi ba. 'Yan bindiga suka addabi ƙauyukan da ke gefen Dajin Rugu, hanyar Gurbin Ɓaure ta zama abin tsoro, mutanen karkara suka yi ta kwararowa cikin Jibiya, wasu ma suka ƙetare suka fake a jihar Maradi. Da ta ga mata da yara bisa amalanke sun nufi arewa da tukwanensu, ta ce, "Jakin babana ya juya." Aka kuma rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Muka saya mata waya irin wadda a ke ganin fuska, ta kan yi magana da Auta, amma in an gama sai ta miƙo wayar ta ce, "Na ga hotonta, ban gan ta ba." Da aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maradi cikin Fabrairu 2021, mai tsawon kilomita 284, aka ce ta Daura da Katsina da Jibiya za ta bi, sai ta ce in kama mata kujera ta jikin taga.

Zuwanta Maradi na ƙarshe da Babbar Salla ne, ƙarshen watan Yuni na 2023, ni na kai ta. Wata guda bayan haka aka rufe. Da ciwo ya kwantar da ita cikin sanyi, duk wanda ya shigo gaishe ta, bayan ta amsa, tambayarta guda ce: "An buɗe?"

Nijeriya ta buɗe nata ɓangare ranar 13 ga Maris 2024, Nijar ta buɗe nata ranar 22, cikin azumi. Kwana biyu bayan haka Auta ta sauka a Magama, na je na taro ta. Ta shiga ɗakin yayarta ta zauna a ƙasa, mata suka shigo aka sake sabon makoki, wata uku bayan na fari.

Akwai wata tsohuwar adaka a ƙarƙashin gado wadda muka ƙi buɗewa sai ta zo. Bayan an sha ruwa ta sa aka jawo ta. A ciki akwai allon kakana, ya yi baƙi don tsufa. Akwai wani tsumma ƙulle da kuɗin da ba mai karɓarsu yau: kwabo mai huji, da anini, da tamma, da kuɗin Sudan, da na Gana. Ƙarƙashinsu muka sami littafin rubutu na elementare, da sunan ubana a bango da hannunsa na yarinta, da shekarar 1956. Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya a ciki ba, ta kuwa ajiye shi shekara 67.

Sai wani ƙulli dabam a gefe, na takardun naira. Muka ce ko na sadaka ne. Auta ta karɓa ta juya shi, ta ce, "A'a, wannan kuɗin motar Maradi ne. Tun muna da ƙarfi ba ta taɓa kwana ba ta ware shi ba." Ta miƙo mini ta ce, "Ango, riƙe. Amaryarka ta tafi, saura ni."

Ran Litinin na mai da ita gida. A tasha na kwance ƙullin na ƙirga, kuɗin ba su kai ko Ɗan Isa ba, na cika daga aljihuna.